Daga Zabirar Wanzami Zuwa Idon Na'ura

Ayarin fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina da Zariya ya nufi ƙasar Adamawa a ƙarni na 19 ba 'yan kasuwa kaɗai yake ɗauke da su ba. A bayan madugu da jakunan kaya akwai malamai da almajiransu, akwai mahauta da dukawa da maɗinka, akwai kuma wani mutum da duk kayan sana'arsa ba su wuce cikin jakar fata ɗaya ba, yana rataye da ita a kafaɗa. Wanzami ke nan, jakar kuwa zabira. Inda ayari ya yada zango, shi ne mai yi wa maza aski, shi ne mai tsaga ƙurji, shi ne mai kafa ƙaho ga wanda tafiya ta riƙe wa baya. In zangon ya zaunu ya zama unguwa, aka yi aure aka haihu, shi za a aika wa goro ranar suna.

Hanyar ta buɗe ne bayan 1809, lokacin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Fulani suka kafa lamidanci a Garwa da Rai da Tibati da Banyo, Arɗo Njobdi ya kafa Ngaundere wajejen 1835, Yola kuma ta zama babban birni a 1841. Daga Ngaundere mayaƙa suka riƙa gangarawa kudu maso gabas zuwa ƙasar Gbaya, fatake na biye da su. Garin Kunde, kusa da iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya ta yau, ya zama babbar kasuwa mai unguwar Hausawa. Abin da ake saye a can hauren giwa ne da bayi, kuma ba daidai ba ne a ba da labarin wannan hanya a tsallake na biyun, domin Gbaya da maƙwabtansu su suka ɗanɗana kuɗarsa. Amma ta wannan hanya ɗin dai sana'o'in Hausa suka shigo. Har yau fadodin lamidai na Adamawa cike suke da sarautu masu sunan Hausa, irin su Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi da Sarkin Pawa da Sarkin Hausawa.

Meiganga, hedkwatar yankin Mbere, mai nisan kimanin kilomita 160 kudu maso gabashin Ngaundere, gadon wannan cuɗanya ce. Gbaya ne asalin mazauna, ga Fulanin gari, ga Bororo da shanunsu, ga Hausawa a kasuwa da mayanka. Fulatanci ne harshen ciniki, Faransanci na ofis da makaranta, amma sana'ar aska ta daɗe tana tafiya da kalmominta na Hausa.

Kowane ƙarfe a cikin zabira yana da sunansa da aikinsa, kuma ba a musaya. Askar aski daban take da askar kaciya. Akwai 'yar tsaga, ƙaramar wuƙa mai kaifin baki da ake yin tsagar ƙaho da ta gado da ita. Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasar kai da ake cire beli da shi, tare da ɗan itacen da ake danne harshen jariri. Akwai hantsaki na cire ƙaya ko haƙorin da ya yi girgiɗi, akwai almakashi, akwai dutsen washi da fatar da ake goga aska a kai kafin ta taɓa kan mutum. Sai ƙahonin shanu da aka rarake aka huda tsininsu. Wanzami zai kafa ƙahon a bayan mutum ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe hujin, ya bari fata ta taso. Ya cire, ya yi 'yan tsaga, ya sake kafawa har jini ya taru. Masu yin ƙaho suna jingina shi da sunna, domin ya zo a hadisi cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho kuma ya biya wanda ya yi masa, shi ya sa wasu ke kirdadon ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci.

Maƙeri ne ke ƙera waɗannan ƙarafa, kuma Adamawa ba ta taɓa rasa maƙera ba. Mutanen Dii na yankin Mbe, a kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa, sun shahara da narka tama, kuma suna da tasu al'adar kaciya mai tsari da wuƙaƙen da ake girmamawa, tun kafin wanzamin Hausa ya iso. Saboda haka Bahaushe bai tarar da fili fetal ba. Abin da ya kawo shi ne sana'a ta kasuwa, wadda kowa zai iya zuwa ya biya a yi masa, ko daga wace ƙabila yake, kuma mai shugaba da ake kira Sarkin Aska.

Sana'ar gado ce. Yaro yana fara ta ne da ɗaukar zabira yana bin ubansa gida-gida. Zai yi shekaru yana jiƙa kai da ruwa da sabulu, yana wasa aska, yana riƙe yara ranar kaciya a lokacin sanyi, kafin a yarda ya yi tsaga ta farko. Babban abin da yake koya a waɗannan shekaru shi ne sanin ƙarfe. In uban ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba, dole yaron ya san wanne ake so. In an gama, dole ya san ko duka sun koma mazauninsu. Ba a rubuta komai ba, ba a zana komai ba, ido da hannu ne ke riƙe da ilimin.

Wanzami ya yi wa jama'a aiki a zamanin da babu wani wanda zai yi. Amma wasu ayyukan nasa sun ci rayuka, kuma masu ƙaunar sana'ar su ya fi kamata su faɗi haka. Cire beli ga jaririn da bai wuce kwana bakwai ba yana jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta, ba tare da wani amfani da likitanci ya tabbatar ba. Dakta Ellen Einterz, wadda ta shafe fiye da shekara 20 tana aiki a asibitin Kolofata da ke Arewa Mai Nisa, ta rubuta a kan wannan al'ada ta arewacin Kamaru a mujallar likitoci ta Lancet a 1994. Yankan gishiri da ake yi wa mace mai doguwar naƙuda yana cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Aska ɗaya da ta bi kan yara goma a safiya ɗaya tana iya ɗaukar ciwon hanta daga na farko ta raba wa sauran, ƙarfen da ba a dafa ba kuwa ƙofa ce ga cutar sarƙe-haƙora.

Sai dai ba zabira kaɗai ke da wannan laifi ba. Wani bincike da Jacques Pépin da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya gwada jinin tsofaffi a Ebolowa, a kudancin Kamaru, ya tarar fiye da rabinsu sun taɓa kamuwa da ciwon hanta nau'in C. Da aka bi diddigi, sai aka ga cutar tana da alaƙa da allurar zazzaɓin cizon sauro da aka riƙa yi ta jijiya a zamanin mulkin mallaka, tana kuma da alaƙa da kaciyar gargajiya. Sirinjin Bature da askar gida duk sun yaɗa ta, ta hanya guda: ƙarfe ya fita daga jikin wani ya shiga na wani ba a kashe abin da ke kansa ba.

Tunanin a zana kayan fiɗa domin wanda bai taɓa ganinsu ba ya gane su ya girmi zuwan Turawa da nisa, kuma daga duniyar Musulmi ya fito. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajejen 1013, ya rubuta littafinsa at-Tasrif cikin kashi 30. Kashi na ƙarshe a kan fiɗa yake, kuma a ciki ya zana kayan aiki kusan 200, kowanne da bayanin inda ake amfani da shi: wuƙaƙe, ƙugiyoyi, ƙarafan sakiya, na cire haƙori, na ciro ɗan da ya mutu a ciki. Ya yi magana a kan ƙaho da kaciya da yankan beli ma. An fassara wannan kashi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karatu daga gare shi. Su ma can wanzamai ne ke fiɗa. Ambroise Paré, wanda Faransawa ke ɗauka uban tiyatarsu, a shagon aski ya koyi aiki a ƙarni na 16. A Landan ƙungiyar wanzamai da ta masu fiɗa ɗaya ce daga 1540 har zuwa 1745 da suka raba gari. Abin da ya ɗaga tiyatar Turai sama da ta wanzami daga baya shi ne maganin sa barci a 1846, da kashe ƙwayoyin cuta da Joseph Lister ya fara a shekarun 1860, da kuma ɗabi'ar rubuta abin da aka yi da abin da ya biyo baya.

Jamusawa sun ci Ngaundere da Garwa a 1901, suka rasa Garwa a hannun sojojin Ingila da Faransa a 1915, ƙasar ta koma ƙarƙashin Faransa. Likitancin mulkin mallaka ya fi ba da ƙarfi ga annoba, musamman ciwon barci, wanda Eugène Jamot ya yaƙa daga Ayos a shekarun 1920. Tiyata a tsaunin Adamawa ta fi shigowa ta hannun 'yan mishan. Ba'amurke Adolphus Gunderson ya iso Ngaundere a 1923, sannan ya kafa tasha a Mbula, kusa da Meiganga, cikin Gbaya. 'Yan Norwe suka biyo a 1925. Da ƙananan ɗakunan shan magani suka fara, ana wanke gyambo ana ba da kwinin. A 1957 aka buɗe asibitin Furotesta na Ngaundere, wanda mutanen gari ke kira asibitin 'yan Norwe, kuma cocin Lutheran tana da wasu asibitocin a Ngaubela kusa da Tibati da kuma Garwa-Bulai. Kamaru ba ta fara horar da likitocinta a gida ba sai 1969, da aka buɗe makarantar likitanci ta Yawunde ƙarƙashin Farfesa Gottlieb Monekosso.

Da ɗakin tiyata ya zo, sai zabira ta samu kishiya: akwatin ƙarfe mai murfi. Akwai na fiɗar haihuwa, akwai na ƙaba, akwai na buɗe ciki, kowanne da jerin abin da ya kamata a samu a ciki. Kayan suna ɗauke da sunayen likitocin da suka ƙirƙiro su. Hantsakin Kocher na wani ɗan Suwizalan ne da ya ci kyautar Nobel a 1909, na Péan da ƙarfen buɗe rauni na Farabeuf na Faransawa ne, almakashin Mayo na Amurka. Ma'aikacin jinya Bagbaye ko Bafulatani da aka ɗauka aikin miƙa kaya sai ya haddace su duka da Faransanci, ya san su da ido, ya san su da taɓawa ta cikin safar hannu. Bayan aiki a wanke, a jera, a sa a tanderun Poupinel mai busasshen zafi, wanda ya yaɗu a asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ko a tukunyar tururi mai kaiwa digiri 121.

Sabon abin da asibiti ya kawo, wanda wanzami bai taɓa buƙata ba, shi ne ƙidaya. Wanzami a kan fata yake aiki, abin da ya faɗi a ƙasa zai faɗi. Likitan da ya buɗe ciki kuwa yana aiki ne a rami mai jini, inda ƙyallen tsane jini ke rinewa ya saje da hanji, ƙaramin hantsaki kuma ya shige bayan hanta ya ɓace. Shi ya sa ake ƙirga kaya da allurai da ƙyallaye kafin a fara, a sake kafin a rufe ciki, a sake kafin a ɗinke fata. Duk da haka ana mantuwa. A 2003 Atul Gawande da abokansa sun bincika marasa lafiya 54 a Amurka da aka bar wa abu a ciki. Kimanin kashi biyu cikin uku na abubuwan ƙyallaye ne, sauran ƙarafa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a mafi yawan lokutan da aka yi ƙidaya, an rubuta cewa lissafi ya cika. Haɗarin ya fi yawa a aikin gaggawa. To aikin gaggawa shi ne abincin yau da kullum na asibitin gunduma: naƙudar da ta gagara, ƙabar da ta shaƙe, hanjin da taifod ya huda, ɗan acaɓar da mota ta kaɗe a kan hanyar Garwa-Bulai. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa mai tambayoyi 19, ƙidayar kaya na cikinsu. Da aka gwada ta a asibitoci takwas na duniya, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Takarda ɗaya da alƙalami suka yi wannan.

Daga nan labarin ya koma wata nahiya. A 1985 Erich Mühe a Jamus, sannan Philippe Mouret a birnin Liyon a 1987, suka cire maɗaciya ba tare da sun tsaga ciki ba. Ƙananan huji suka yi, suka zura bututun leƙawa da dogayen ƙarafa, suna kallon aikin. Tun da aka haɗa bututun da kyamara da allon talabijin, tiyata ta zama abin da ake iya ɗauka a ajiye a sake kallo. A 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da mutum-mutumin tiyata mai suna da Vinci na kamfanin Intuitive Surgical. Ba shi ke yanke shawara ba. Likita ne ke zaune a gefe, kansa cikin wani akwatin kallo, yatsunsa na juya maɗaukai, hannayen na'urar kuma na kwaikwayonsa a cikin mara lafiya, suna tace rawar hannu. A watan Satumba na 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a Niyok ya cire maɗaciyar wata mata da ke kwance a Strasbourg, da wata na'urar mai suna Zeus. Afirka ta Kudu ta samu da Vinci na farko a Piretoriya a 2013.

A nan wata matsala ta ɓullo. Likitan da ke bayan na'ura ba ya jin nama a yatsunsa kamar da, da ido kawai yake aiki, kuma kyamara ba ta nuna masa sai ɗan fili. Ƙarfe mai wuta da ya fita daga wannan fili zai iya ƙona hanji ba wanda ya gani. Sai masu bincike suka ce, tunda hoton yana ratsa kwamfuta kafin ya isa idon likita, me zai hana a koya wa kwamfutar ta gane ƙarafan da kanta?

Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ita ake kira koyo mai zurfi, reshe ne na ƙirƙirarriyar basira. Hoto a wurin kwamfuta tarin ɗigo ne, kowane ɗigo lamba. Ana tura lambobin ta cikin matakan lissafi masu yawa, hawa bisa hawa. Matakan farko suna tsinto gefuna da bambancin haske, na tsakiya suna haɗa su su zama siffofi kamar sanda ko baki mai haƙora, na ƙarshe su ce wannan almakashi ne. Ba wanda ke rubuta wa na'urar kamannin almakashi. Yadda yaron wanzami ke miƙo ƙarfen da ba shi ba a dawo masa da shi har ya daina kuskure, haka ake yi mata: a nuna mata hoton da mutum ya riga ya sa wa suna, ta yi hasashe, in ta kauce a ɗan gyara miliyoyin lambobin da ke cikinta, a sake nuna wani, sau dubbai. Duniya ta farga da ƙarfin wannan hanya a 2012, da wani tsari na jami'ar Toronto ya yi wa abokan gasarsa fintinkau wajen gane hotuna. A 2015 masu bincike a Freiburg ta Jamus suka fitar da U-Net, tsarin da ke bin hoto ɗigo-ɗigo yana shata iyakar kowane abu, kuma yana iya koyo daga hotuna kaɗan, abin da ya dace da likitanci.

Sai aka shiga tara hotuna. A Strasbourg, ƙungiyar Nicolas Padoy ta fitar da wani kundi a 2016 mai suna Cholec80: bidiyo 80 na cire maɗaciya, aikin likitoci 13, an bi kowace daƙiƙa an rubuta wanne daga cikin kayan aiki bakwai ke bayyane, tun daga mariƙi da ƙugiya da almakashi har jakar da ake fito da maɗaciyar a ciki. A 2017, a taron MICCAI na masana hotunan likitanci, an yi gasar shata kayan mutum-mutumin da Vinci. Hotunan horon 1,800 ne, kuma daga cikin aladu aka ɗauko su. Ana neman na'ura ta raba ƙarfe da nama, ta raba sandar ƙarfen da wuyansa da bakinsa, ta kuma faɗi nau'insa. Na farkon ya zo da sauƙi, na ƙarshen ya ba da wuya, domin ƙarafa da yawa sandarsu iri ɗaya ce, baki ne kawai ya bambanta, bakin kuwa yakan nutse cikin nama ko jini ya rufe shi. Ga hayaƙin ƙona jijiya, ga tururi a gilashin kyamara, ga ƙyallin fitila a jikin ƙarfe.

Amfanin da ake nema a fili yake. In na'ura ta san ƙarfen da ke hannu, za ta san matakin da aiki ya kai da lokacin da ya rage. Za ta iya auna motsin ɗalibi ta kwatanta da na gwani. Za ta iya yin gargaɗi in ƙarfe ya kusanci inda bai kamata ba. Amma tana da wani rauni da masu binciken kansu ba sa ɓoyewa: abin da ta saba gani shi ta sani. Tsarin da ya ƙware a hotunan asibiti ɗaya yakan yi tuntuɓe in an kai shi wani asibitin mai wata kyamara, wata fitila, wasu ƙarafa. Kuma kusan duk manyan kundayen da ake horo da su daga Turai da Amurka da Asiya suka fito.

Ina Meiganga a cikin wannan? Kwamitin Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya, kuma ana buƙatar ƙarin ayyuka miliyan 143 kowace shekara. Ya ce kowane mutum 100,000 na buƙatar aƙalla ƙwararru 20 na fiɗa da sa barci da haihuwa. Yankin Mbere, wanda tun rikicin Afirka ta Tsakiya na 2013 da 2014 ya karɓi dubban 'yan gudun hijira a sansanonin Borgop da Ngam, yana cikin wuraren da wannan lissafi ke magana a kansu. Mutum-mutumin da kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya, wanda ƙarafansa ke ƙarewa bayan an yi aiki da su 'yan lokuta, wanda kuma ba ya jure ɗaukewar wuta, ba shi ne buƙatar macen da aka ɗauko a kan babur daga garin Ngawi da naƙudar kwana biyu ba. Buƙatarta jini ne a firji, da mai sa barci, da fitilar da ba za ta mutu ba, da akwatin kaya cikakke kuma dafaffe. Dakta Georges Bwelle, likitan fiɗa na Yawunde, ya nuna girman giɓin tun 2008, da ya kafa ƙungiyar ASCOVIME yana kwasar 'yan sa-kai a ƙarshen mako zuwa ƙauyuka suna tiyata kyauta da hasken janareto.

Duk da haka kuskure ne a ce wannan ilimi bai shafe mu ba. Dabarar da ke gane almakashi a cikin ciki za ta fi sauƙin gane shi a kan faranti, inda babu jini babu hayaƙi. Kyamarar waya da aka rataya bisa teburin kaya tana iya duba akwatin fiɗar haihuwa kafin a sa shi a tukunya ta ce hantsaki biyu sun yi ƙasa. Tana iya zama ido na biyu wajen ƙidaya da ƙarfe ukun dare, lokacin da mai miƙa kaya shi kaɗai ne kuma ya kwana biyu bai runtsa ba. Tana iya koya wa ɗalibin jinya sunayen kaya. Ba za ta maye gurbin ƙidayar baki ba, kuma duk wanda ya ce za ta maye a yi hattara da shi, domin ƙyallen da ya riga ya shige ciki kyamarar kan tebur ba ta ganinsa. Taimako ne, kuma irin wanda asibitin gunduma zai iya ɗauka.

Wanzamai ma ba su fita daga lissafi ba. Wasunsu a gari sun koma reza sabuwa ga kowane kai, kuma a jihar Sakkwato an gwada horar da su su riƙa tura jariran da suka yi wa askin suna zuwa rigakafi, tunda su ke shiga gidan da ma'aikacin lafiya bai san an haihu ba. Wannan ya fi a yi ta zaginsu daga nesa. Abin baƙin ciki shi ne tsofaffin ƙarafan maƙera suna ɓacewa tare da masu su. Ya kamata a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan kowanne da aikinsa daga bakin Sarakunan Aska na Garwa da Ngaundere da Meiganga, masu amfani da masu cutarwa duka, kamar yadda Zahrawi ya yi wa nasa.

Masu iya yin aikin suna kusa. Jami'ar Ngaundere tana horar da injiniyoyi da masana kwamfuta, har tana da makarantar ilimin ma'adinai a cikin Meiganga. An kafa jami'ar Garwa a 2022, tana da tsangayar likitanci. Cibiyar IRCAD ta Marescaux ta buɗe reshe a Kigali a 2023 domin horar da likitocin Afirka tiyatar kyamara, taron MICCAI kuma ya sauka a Marrakesh a 2024, karo na farko a nahiyar. Abin da ya rage shi ne hotunan gida: na akwatunan da aka haɗa daga kyautar ƙasashe uku, na hantsakin da ya dushe saboda shekara 30 na dafuwa, na hasken ɗakin da ke aiki da batir. Hoton faranti bai ƙunshi jikin kowa ba, amma duk wanda za a ɗauka a cikin mara lafiya sai da yardarsa da kuma ɓoye sunansa, kuma Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a ƙarshen 2024. Waɗanda za su zauna su sa wa kowane hoto suna kuwa su ne ma'aikatan ɗakin tiyata da suka san ƙarafan da ka. Aiki ne mai cin sa'o'i, na ƙwararru, kuma duk shirin da zai zo da shi ya kamata ya sa ladansu cikin kasafinsa tun daga farko, ya kuma bar kundin hotunan a hannun asibitoci da jami'o'in da suka tara shi.